Suna Cewa "To" Amma Ba Sa Dawowa

"Assalamu alaikum Hajiya. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, haifaffiyar cikin birnin Kano, an tura ni aiki wani ƙaramin asibiti a wani ƙauye a ƙasar Ringim. Abin da ke damuna shi ne, in ina yi wa mata bayani a wajen awo sai su sunkuyar da kai, ko kallona ba sa yi. Duk abin da na faɗa sai su ce 'to', amma ranar da na ce su dawo ba na ganinsu. A makaranta an koya mana cewa kashi 93 cikin ɗari na saƙo a jiki yake, kuma wanda ba ya kallon idonka ko dai bai yarda da kai ba ko yana ɓoye wani abu. Shin ba sa gane bayanina ne, ko ba sa so na ne, ko kuwa raina ni suka yi don ni yarinya ce? Hausa ɗaya muke ji, amma kamar ba ma jin juna."

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Allah ya yi wa aikinki albarka, ya ba ki ladan zaman ƙauye. In na fahimce ki da kyau, abu biyu ne suka tsaya miki a rai: sunkuyar da kan da matan ke yi, da kuma "to" ɗin da ba ta zama zuwa. Ƙarƙashin biyun kuma akwai zargin kai, kina tunanin ko wani abu ne a tare da ke ya sa suke gudunki. Kwantar da hankalinki. Mafi yawan abin da kike gani ladabi ne, irin wanda aka raini matan nan a kansa tun suna goye. Hausarki suna jin ta sarai. Abin da ya rage miki shi ne ki koyi sauraron sauran maganar, wadda ba ta bi ta baki ba, sannan ki gyara zaman yadda mace za ta iya ce miki "a'a" ba tare da ta ji ta yi rashin kunya ba. Ni ma aikin nan na yi a ƙauyukan tsohuwar Jihar Kano tun kafin a yanke Jigawa a 1991, daga baya na koma aji ina koyar da masu irin aikinki. Don haka abin da zan faɗa miki, wani daga littafi na samo shi, mafi yawansa kuwa a kan tabarma.

Batun kashi 93

Bari mu fara sauke wannan lissafin, don ya daɗe yana rikita ɗalibai. Asalinsa wasu gwaje-gwaje biyu ne da wani masanin halayyar ɗan Adam, Albert Mehrabian, ya wallafa tare da abokan aikinsa a Amurka a 1967. An sa mutane su saurari kalmomi ɗaiɗai da aka naɗa, ana furta su da murya iri-iri, a ɗaya gwajin kuma aka haɗa da hotunan fuska, sai a tambaye su ko mai maganar yana son wanda yake yi wa magana ko ba ya so. Daga nan aka fitar da cewa kalma ta ɗauki kashi 7, murya 38, fuska 55; murya da fuska a haɗe su ne 93 ɗin da aka koya muku. Ki lura, a gwajin nan ba a yi wa kowa bayanin shan magani ba, ba a faɗa wa kowa ranar dawowa ba. Shi kansa Mehrabian ya yi gargaɗi cewa lissafin yana aiki ne kawai inda mutum ke bayyana so ko ƙi da ke ransa. Da gaskiya ne kashi 7 kaɗai kalma ke ɗauka, da ba sai an nemo miki mai jin Fulatanci ba kafin ki koya wa matar ruga yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari.

Ɗan abin da ya rage na gaskiya a ciki, kakanninmu sun riga shi faɗa: labarin zuciya a tambayi fuska. In baki ya ce "lafiya lau" fuska ta ƙaryata, fuskar ake bi. Sai dai kowane gari da yadda yake karanta fuska. Littattafan da aka koyar da ku da su, yawancinsu an rubuta su ne a ƙasashen da haɗa ido ke nuna gaskiya da natsuwa. Nan kuwa an san ba haka ba ne.

Sunkuyar da kai

Yarinyar da ta tashi a ƙauyukan nan, cikin abubuwan farko da ake kwaɓarta a kai akwai tsaurin ido. In babba na mata magana ta tsare shi da ido, uwarta za a zaga, a ce ba ta ba ta tarbiyya ba. To ga ta ta zo gabanki, kina sanye da fararen kaya, kina kan kujera bayan tebur, biro a hannu. A wajenta ke babba ce ko da ta girme ki da shekara goma, shi ya sa ma suke ce miki "likita". Sunkuyar da kan nan girma ta ba ki. Wadda ta raina ki ba haka za ta yi ba. Za ta kalle ki sama da ƙasa, ta taɓe baki, ta juya tana hira da ta kusa da ita ana tsakiyar bayaninki, ko ta ja siririn tsaki tana gyara goyo. In ba ki ga waɗannan ba, cire maganar raini daga ranki.

Shi kuwa zancen cewa maƙaryaci ba ya iya haɗa ido, ko a can inda aka rubuta littattafan bai tsaya da ƙafafunsa ba. A 2006 wasu masana biyu, Charles Bond da Bella DePaulo, sun tattara sakamakon gwaje-gwaje sama da 200 kan yadda mutane ke gane ƙarya, suka tarar ana dacewa kusan kashi 54 ne cikin ɗari, wato da kaɗan ya fi canki-canka. Duk wanda ya taɓa ciniki da gogaggen dillali a kara ya san ana iya kallon mutum tsakiyar ido a shirga masa ƙarya.

To in ba ido ba, me za ki duba? Sunkuyar da kai iri-iri ne. Akwai wadda kanta na ƙasa amma kunnenta na wajenki. Jikinta a sake yake, tana gyaɗa kai a daidai gaɓar da ya kamata, tana cewa "uhm", can sai ta saci kallonki ta mayar da ido. Wannan tana tare da ke. Akwai wadda ta ba ki gefe, ta ja mayafi ta rufe baki, tana murza bakin zane ko tana zana ƙasa da tsinke. Wannan a takure take, ko dai maganar ta yi mata nauyi, ko akwai wanda take jin nauyinsa a wajen. Wadda na fi jin tsoro ita ce mai gyaɗa kai ba tsayawa, tana cewa "to, to, to" tun kafin ki kai ƙarshen zance. Ta daina saurare, so take ki gama ta tafi, wataƙila ta bar yara ba kowa ko rana na yi ba a yi surfe ba. Kuma kada ki kama alama guda ki yanke hukunci. Ki san yadda matar take tun shigowarta, lokacin gaisuwa, sannan ki lura da inda ta sauya. Wadda ta shigo tana raha, kina ambaton tazarar haihuwa ta yi tsit, ta gaya miki wani abu. Wadda dama shiru-shiru ce, shirunta bai ƙara miki labari ba.

Wace "to" aka ba ki?

A wajenmu "to" ba alkawari ba ce. Sau da yawa abin da take nufi shi ne "na ji", shi ke nan. Ƙin amsa wa babba ko baƙo rashin ladabi ne, a ce masa "ba zan zo ba" a gaban mutane kuwa kunyata shi ne. Saboda haka mace za ta ce miki "to" don ta tsare miki mutuncinki, ta bar wa lokaci ya ba ki amsar. A ganinta kara ta yi miki. Wani Ba'amurke masanin al'adu, Edward Hall, ya yi bayanin wannan a 1976, inda ya ce akwai al'ummomin da ke zuba duk saƙo a cikin kalmomi, akwai kuma waɗanda ke barin babban kasonsa a cikin wurin da aka yi maganar, da dangantakar masu yin ta, da abin da kowa ya riga ya sani. Mu a ɓangare na biyu muke, ƙauye kuma ya fi birni nisa a ciki. Mutanen da suka ƙware a habaici da shaguɓe da hannunka-mai-sanda ba za su rasa hanyar ƙin abu ba tare da sun furta ba.

Ga yadda nake rarrabewa. "To" ɗin da za ta haifi zuwa ba ta zuwa ita kaɗai, tambaya take jawowa: "Da sassafe zan zo ko da hantsi?" "In taho da katin?" "Nawa zan riƙo?" "In na zo ke zan tarar?" Wadda ta tambayi kuɗi ta riga ta fara lissafin zuwa. Amma "tooo" mai ja, wadda murya ke sauka a ƙarshenta, a biyo da "sai yadda hali ya yi" ko "za a gani" ana miƙewa ana gyara mayafi, wannan sallama ce aka yi miki. "In Allah ya yarda" kam kada ki yi mata hukunci, domin mai niyya da marar niyya duk suna faɗinta. Muryar da aka faɗe ta da abin da ya biyo baya za ki duba. In kuwa kika ji "sai na faɗa a gida" ko "sai abin da malam ya ce", ki gode wa Allah, an gaya miki gaskiya tsantsa, an nuna miki ƙofar da za ki yi sallama.

Domin sau tari wadda kike yi wa bayani ba ita ke yanke magana ba. Fitarta daga gida sai da izinin miji, kuɗin mashin ma daga aljihunsa zai fito. Uwar miji na iya cewa ita ta haifi goma ba ta taɓa zuwa awo ba. Da damina kuwa, a yankinku na kusa da kogin Hadeja, hanya kan yanke, maza suna gona, ba mai kawo ta. Duk wannan ba za ta zayyana miki shi a gaban layin mata ba, don tona asirin gida ne. "To" ta fi sauƙi.

Wa ke jin ku?

Kafin ki fassara shirun mace, ki waiga ki ga wanda ke tsaye a wajen. Yarinyar da ke ɗauke da cikin fari ba ta ambatonsa a gaban iyayenta ko surukanta. Bayan ta haihu ma ba za ta kira sunan ɗan ba, a wasu gidajen ko wasa ba ta yi masa a gaban mutane. Sunan miji shi ma ba a faɗa. In kika ce mata "Yaya sunan mijinki?" ga uwar mijin a tsaye, kin jefa ta tsaka mai wuya; za ta yi ɗan murmushi ta dubi ƙasa, ke kuma ki ɗauka ba ta ji ba ki sake maimaitawa da ƙarfi. Gara ki jefa tambayar a tsakiya, "Sunan wa za a rubuta, na maigida?", ki bar 'yar rakiya ta amsa.

Ni in an kawo mini irin wannan yarinya, da tsohuwar nake farawa. In gaishe ta da kyau: "Iya, sannu da hanya. Ya gida, ya jikin 'yar taki?" In bar ta ta ba ni labarin yadda ta ga abin, ko da na san rabinsa ba zai shiga kati ba. In ta gama, ta ji an ba ta girmanta, sai in ce, "Iya, bari in shiga da ita ciki in auna ta, ki ɗan huta a nan." Da wuya ta ƙi. A bayan labule ba na zama gaba da gaba da yarinyar. A gefenta nake tsayawa, ina ɗaura mata abin awon jini a dantse, idona a kan agogonsa, sai in yi tambayar da murya ƙasa-ƙasa kamar ba da ita nake ba. Mace ta fi iya faɗin abin kunya in ba a kallonta. Wani lokacin ma ba za ta ce "ni" ba. Za ta ce, "Akwai wata a gidanmu da take ganin jini kaɗan-kaɗan, ko matsala ne?" Kul kika ce mata "Ke ce ko?" Ki amsa wa wannan "wata" da cikakken bayani, ki ce gara a duba ta yau ba gobe ba, sannan ki ƙara da, "Ke ma bari in duba ki tunda kin zo." Ta samu abin da ta zo nema, kuma asirinta a rufe.

Za ki ji ana cewa ai shiru ma amsa ce, har a kawo hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim cewa izinin budurwa shi ne shirunta. Hadisin ingantacce ne, dalilin da ya zo a cikinsa kuma kunya ce. Amma dubi yadda malamanmu na Malikiyya suka bi da shi. A Muhtasar na Shehu Halil, wanda ake karantawa a zaurukan Kano har gobe, an so a sanar da yarinyar tun farko cewa za a ɗauki shirunta a matsayin yarda, kuma a inda ake neman izininta, in ta ƙi ko ta nuna ƙyama ta guje, ba a aurar da ita. Ke nan su ma ba su ɗauki shiru tsurarsa ba, sun haɗa shi da abin da jiki ya nuna. A aikinmu kuwa ma'aunin ya fi haka tsauri. Allurar tazarar haihuwa, ɗibar jini don gwaji, duba gaban mace, babu wanda ake yi a kan shiru. Sai ta faɗa da bakinta, ita kaɗai, bayan ta san tana da damar ta ƙi.

Su ma suna karanta ki

Kin tambaye ni yadda za ki gane su, amma su tun ranar da kika sauka daga mota suke nazarinki. A birni an saba da "ina kwana, lafiya" a wuce. A nan gaisuwa ita ce ƙofar magana: kwana, gajiya, gida, yara, maigida, in damina ce a tambayi ruwa a ce ya yi gyara. Wadda kika ce wa "Me ke damunki?" kanki na kan rajista ba ki ɗago ba, ta riga ta yanke cewa ba ki da lokacinta, kuma gwargwadon lokacin da kika ba ta za ta ba ki amsa. Na san layi da tsawo, ke kaɗai ce a ɗakin, ga takardun da ake jira a ƙaramar hukuma ƙarshen wata. Duk da haka gaisuwar kirki ba ta cin minti guda. Ajiye biron, ki ɗago, ki saki fuska.

Sauran kin san su tun a gida, tuni ne kawai. Ba a miƙa kati ko magani da hagu. Ba a ƙwala wa babbar mace kira da sunanta gatsal daga bakin ƙofa, akwai "Iya", akwai "Inna", akwai "Yaya", akwai "maman wane". In kin shiga gida takalmi a bakin ɗaki, ki zauna a tabarmar da aka shimfiɗa miki, in an kawo ruwa ko fura ki kai baki ko kurɓi ɗaya ne. Ƙin taɓawa ƙyama ake ɗaukarsa, kuma labarin zai riga ki isa gida na gaba. Ki rusuna wa dattawa, ba abin da zai ragu a takardarki. Ki kuma rage Turancin da ya gauraye da Hausar birni. "Jininki ya hau" kowa ya gane.

Inda na fi ganin ma'aikata suna yin asarar mata shi ne murya da fuska. "Me ya hana ki zuwa wancan watan?" da ƙarfi, a gaban layi. Za ta ce miki "to, a yi haƙuri", kuma ba za ki sake ganinta ba, daga ita har facalarta har maƙwabciyarta. Haka yatsina fuska lokacin da kika buɗe zanen jariri kika ji wari, ko tsakin da ya kuɓuce miki don gajiya. Ke kin manta kafin azahar, ita kuwa za ta riƙe shi shekara. A zaman da na yi da matan karkara, ƙorafin da na fi ji game da asibiti shi ne "ana yi mana tsawa" da "ba a sakar mana fuska", ya ma fi na rashin magani yawa. Ba banza ba Suratu Luƙman, a aya ta 18 da ta 19, ta haɗa karkatar da fuska ga mutane da yanayin tafiya da sassauta murya a nasiha guda.

Abin da za ki gwada

Fara da sauya tambayoyinki. "Kin gane?" amsarta ɗaya ce a duk faɗin ƙasar Hausa. Maimakonta ki ce, "In kin koma gida Iya ta tambaye ki me aka ce a asibiti, me za ki ce mata? Faɗa mini in ji ko na manta wani abu." Kin ɗora nauyin mantuwar a kanki, ita kuma ta maimaita ba tare da ta ji ana yi mata jarrabawa ba. Nan za ki gano cewa ƙwayar ƙarin jinin da kika ce kullum ɗaya, ita ta ji sai in jiri ya kama ta. Haka "Za ki dawo?" Gara ki ce, "Mata da yawa a nan suna ce mini kuɗin mashin ke hana su, wasu kuma maigida ne ba ya gari. Ke wanne ya fi kusa da naki?" Kin nuna mata ba ita kaɗai ba ce, kin kuma ba ta abin da za ta zaɓa ba tare da ta kai ƙarar kowa ba. In kin yi tambaya kuma ki yi shiru. Mu 'yan birni ba ma iya jure shiru, muna ganin ya yi tsawo sai mu cike shi da wata tambayar, alhali a lokacin ne take haɗa abin da za ta faɗa.

Ranar dawowa ma a duba. "Ran 14 ga wata" ga wadda ba ta da kalanda a ɗaki, magana ce da iska za ta ɗauke. Ɗaura ranar a jikin abin da ta sani. Kasuwar Gujungu ranar Lahadi take ci, rigakafin yara na mako 6 da 10 da 14 kuwa tsakaninsu mako huɗu-huɗu ne, don haka "in an ci kasuwa huɗu, washegari ki kawo shi" ya fi zama a kai. Ranar da ke bin kasuwa ma ita ce maigida ya fi samun abin ba da kuɗin mashin. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga yawan zuwa awon da ake so daga huɗu zuwa takwas, kin ga ke nan ba za a kai ko kusa ba in ba a warware batun hanya da izini ba.

Batun izini kuwa ba a ɗakin awo ake warware shi ba. Ki je ki gaida mai unguwa da dagaci, ki nemi ungozomar garin ki mayar da ita uwa, kada ki ɗauke ta kishiya. In akwai abokin aiki namiji, shi ya zauna da maza a majalisa ko ya ga liman kafin Juma'a. Mun ga wannan da idonmu a zancen shan inna. A 2003 aka dakatar da ɗigon rigakafin a Kano saboda zargin da ya yaɗu, sai a watan Yulin 2004 aka dawo da shi. A Oktoban shekarar, Shugaba Obasanjo ya ɗiga wa 'yar Gwamna Ibrahim Shekarau maganin a bainar jama'a a Kano, daga baya sarakuna da hakimai da dagatai suka shigo cikin aikin gadan-gadan, har aka kai ga ranar 25 ga Agustan 2020 da aka ayyana Afirka ta rabu da cutar ta asali. Bayanin likitoci bai sauya ba a tsawon shekarun nan. Abin da ya yi tasiri sosai shi ne wanda ya ɗauko saƙon da abin da ido ya gani. A ƙauyenku ma, ranar da matar dagaci ta zo awo ta zauna a layi, ta yi miki wa'azin da bakinki ba zai iya ba.

Inda karatun jiki ke tsayawa

Duk abin da na faɗa jagora ne kawai, ke ce a wurin. Gida da gida ma sun bambanta. Matan ruga kunyarsu ta fi ta matan cikin gari ƙarfi, yarinyar da ta yi sakandare kuwa tana iya kallonki ido cikin ido ta yi tambaya, wannan ba fitsara ba ce. In kurma ta zo, ki sani maganar hannu harshe ne cikakke da kuramen ƙasar Hausa ke yi a tsakaninsu, kuma yawanci akwai wani a gidansu da ya iya. A nan kam ido shi ne kunne, ki fuskance ta ita, ba mai fassarar ba.

Wurin da nake so ki fi kiyayewa shi ne naƙuda. An raini mace a kan cewa ihu a lokacin haihuwa abin gori ne, musamman a haihuwar fari. Za ki ga yarinya ta cije leɓe, ta riƙe ƙarfen gado, ki tambaye ta ta ce "da sauƙi". Fuskarta ba za ta gaya miki girman ciwon ba, don haka ki yarda da abin awonki: jini, bugun zuciya, zafin jiki, motsin ɗa. Kada ki ce "Awa nawa kika yi?", ki ce "Wace salla aka yi ciwon ya fara?", ki kuma tambayi 'yar rakiya daban, domin an fi rage lokacin saboda kada a ga laifin gida. Wadda ta yi tsit bayan haihuwa, jikinta ya yi sanyi, gumi na keto mata, tana amsawa da ƙyar, ba kunya ke damunta ba, duba zanen da ke ƙarƙashinta. Haka mai jegon da kullum tana cikin tagumi, ba ta ci, ba ta kula jaririn. A keɓe za ki tambaye ta, don yana iya zama ciwon damuwa, yana iya zama wani abu ne ke faruwa a gidan.

In kin ga naƙuda ta haura awa 12, ko zubar jini, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannu, ko jijjiga, to a nan ake ajiye kara da sakaya zance. Ki sa a kira miki maigidan ko wansa, ki gaishe shi a taƙaice, ki faɗa masa a fili cewa ran matarsa da na ɗan suna cikin haɗari, yanzu za a wuce da ita babban asibitin Ringim. In ya ce "to", kada ki koma ciki. Tambaye shi motar wa za a ɗauko da wanda zai bi ta, ki rubuta takardar turawa yana tsaye.